Fuskar da Na Ɗauka Sukutum

Makon jiya wasu samari uku suka shigo shagona a Gyadi-Gyadi, kowanne da waya a hannu, suka ce sun zo in koya musu aikin littafin barkwanci mai hotuna. Na tambaye su kwana nawa suka ware wa koyon. Babbansu ya ce ai ba zai wuce Asabar da Lahadi ba, tunda yanka da liƙi ne kawai, ko a firamare an yi musu. Na ce madalla. Na miƙa masa almakashi da tsohuwar kalanda, na ce ya fitar mini da hanci ɗaya. Ya fitar, ya haɗo da rabin leɓe da guntun kunci, ya miƙo mini yana murmushi. Sai ƙaraminsu ya ce, "Baba, me ya sa ma za a sha wannan wahalar? Ka ɗauko fuskar gaba ɗaya mana, a waya ai minti ɗaya ne." Na karɓe almakashina na ce su gaida gida. Daga baya na ga ban kyauta ba, kora ba koyarwa ba ce, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Na taɓa ɗaukar fuskar mutum sukutum, sau ɗaya tak a rayuwata, kuma ashe ita kaɗai ce ta rage wa 'yarsa a duniya.

Bari in fara da abin da muke yi, don na lura yawancinku ba ku taɓa riƙe littafinmu ba. Ɗan littafi ne mai shafi goma sha shida, baƙi da fari, labari cikin hotuna. Kowane shafi an raba shi gida-gida, maganar kowane mutum tana cikin wani zagaye a saman kansa wanda muke kira ƙwai. Ba zana mutanen muke yi da alƙalami ba, haɗa su muke yi. Riga daga tsohuwar mujalla, mota daga tallar jarida, bishiya daga kalanda, a yanka a jera a kan farin kwali, a liƙe, a bi gefe da tawada, a buga magana a tafireta a yanko ta layi-layi a sa cikin ƙwan. Wannan kwalin shi muke kira uwa. Uwar ake kai wa mai fotokwafi, sannan a ninke a ɗinke tsakiya da zare. Wanda ya ce wannan aikin kwana biyu ne, hangen Dala yake yi, bai shiga birni ba.

Aikina na farko a wurin maigidana, Malam Tanko, jiƙa ƙaro ne. Shagonsa yana bayan kasuwar Tarauni, kuma kafin ya buɗe shi ya yi shekaru yana jera shafuka a wata maɗaba'a. Wata huɗu ban taɓa almakashi ba. In sayo ƙaro wurin masu kayan tawada, in tsince ɓawo da yashi, in jiƙa a kwalba, in tace da tsumma, shi kuma ya tsoma gashin kaza ya ɗaga ya duba yadda yake ɗiga. In ya yi kauri takarda ta yamutse, in ya yi ruwa hanci ya faɗi a hanyar mai fotokwafi. Na taɓa tambayarsa me ya hana mu sayen gam na kanti kamar kowa. Ya ce abin da ƙaro ya kama ruwan ɗumi yana sakinsa, kuma wanda ba ya barin ƙofar gyara a aikinsa yana ganin ba ya kuskure ne. A lokacin na ɗauka rowa ce kawai ya yi wa ado da magana.

Da ya ba ni almakashi sai ya ɗora ni a kan gwangwanaye. Gwangwanayen madara ne shida a kan kanta: na idanu, na hanci, na baki, na kunne, na gemu, na hula. Duk wata fuska da ta shigo shagon sai an rarraba ta cikinsu kafin ta kwana. In za a yi mutum, ido daga wani, hanci daga wani, baki daga na uku, ba ƙasa da haka ba. Kuma ba ɗaukowa kawai ake yi ba. Hancin da haske ya bugo ta hagu in ka ɗora shi a fuskar da haske ya bugo ta dama, mutumin zai fito kamar wanda aka yi wa dukan ɓarawo. Sai ka kankare gefen kowane yanki ta baya da reza har ya yi siriri, don kada injin ya kamo inuwarsa, sannan ka mirgina kwalba a kai. Fuska ɗaya takan ci yini. Ran da na yi ƙorafi, Malam bai ɗago daga aikinsa ba ya ce, "Habibu, kowace fuska tana da dangi. Wadda ka haɗa da hannunka ce kaɗai marainiya, ita za ka iya zagi."

Zamanin soja ma ba mu cika buƙatar fuskar mutane ba. Kan kura muke ɗorawa a kan babbar riga, kan dila a kan kwat, kowa ya karanta ya gane wanda ake nufi, kuma babu wanda zai iya rantsuwa. Duk da haka wani mutum mai takalmi sau ciki ya taɓa shigowa ya tambayi Malam me ya sa kurarsa take sa tabarau. Malam ya ce ciwon ido take yi. Masu sayenmu ba su da yawa: ma'aikatan gwamnati na Tarauni da ke ɓoye littafin cikin fayil, ɗaliban aikin jinya da ke zagayen asibitin koyarwa, sai 'yan acaɓa da mutum ɗaya zai saya goma su karanta har takardar ta zama tsumma. Sannan akwai masu ba da shawara kyauta, su ne suka fi kowa yawa, kuma har yau ban ga ɗayansu ya sayi ko bango ba.

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, ita ce shekarar da yanar ido ta rufe wa Malam gani. Ya ba ni gwangwanayen da tafireta ya koma gidansa a Hotoro, ni kuma na kama wannan shagon. Kuma a shekarar masu karatu suka canja mini. Kowa ya shigo sai ya ce sun gaji da kura da dila, yanzu dimokuraɗiyya ake yi, a sa musu mutum da fuskarsa. Mutanen da shekara guda baya ko kurar sai sun waiwaya suke dubawa, su ne yanzu suke koya mini jarumta.

Ana cikin haka aka ce ƙananan marubuta da masu buga littattafansu da kansu za su yi baje koli a harabar wata makaranta a Tarauni, saura mako uku. Na riga na sami labari: Alhaji Ci-Ka-Tashi, ɗan kwangilar da ya karɓi aikin rijiyar burtsatse, ya haƙa rami iya gwiwa, ya sayi mota. Amma damina ta yi tsakiya. Ƙaro ya ƙi bushewa, kwali yana lanƙwashewa kamar ganda, abin da na liƙa da safe in same shi da yamma ya zame. Mai fotokwafi kuma kullum maganarsa ɗaya, an ɗauke wuta. Saura kwana goma ban da fuskar Alhajin, shi kuwa yana cikin kusan kowane gida na littafin. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ko ƙwaryar ban yanko ba.

Akwai wata al'ada tsakaninmu da masu ɗaukar hoto. Hotunan da masu su ba su zo sun karɓa ba, in sun shekara biyu ko uku, sai mai hoto ya zuba a buhu ya sayar mana, don idanu da hancin hoton gaske sun fi na jarida fita. Na karɓo irin wannan buhun wurin Alhaji Mudi, mai shagon hoto a kan titinmu. Ina juye shi sai ga wani dattijo a tsaye cikin sabuwar riga, kumatu cike, ɗan farin gemu, bakinsa da wani guntun murmushi kamar na wanda ya san abin da ba ka sani ba. Na ce wallahi ga Alhaji Ci-Ka-Tashi, Allah ya riga ya gama haɗa mini shi. Na tuna maganar Malam, ba zan yi muku ƙarya in ce na manta ba. Sai na ce wa kaina hoton da aka bari shekara uku ai mai shi ba ya so, ƙila ma baƙo ne daga wani gari.

Na sa almakashi na zagaye fuskar. Na cire hular, na yanke kunnuwa biyu don ƙatuwar hular da zan sa masa ta zauna, su da gangar jikin duk na jefa cikin shara. Na ɗauko tawada na kaurara masa gira, na ƙara masa haƙorin Makka, na ja murmushin ya zama na mugunta. Na yi kwafinta da yawa don shafukan ciki, ita kuma ta asalin na ajiye wa bango. Ranar ana ta yayyafi, ƙaro ya ƙi kamawa, sai na leƙa wurin maƙwabcina mai gyaran takalmi na lakuto gam ɗinsa a tsinke. Kafin in wanke hannu ya kama ƙam. Na tsaya ina kallon bangon ina jin haushin shekarun da na ɓata ina tace ƙaro.

Ranar baje kolin aka fito mana da teburan aji aka jera ƙarƙashin darbejiya. A damana mata ne masu littattafan soyayya, layi a gabansu kamar ana rabon kananzir. A haguna wani malamin makaranta ne da waƙoƙinsa, wanda tun safe har la'asar ni kaɗai na saurare shi, shi ma don ba ni da hanyar gudu. Ku da kuke cewa sayarwa ce mai sauƙi, ku zo ku ga mutum ya ɗauki littafinka, ya karanta shi a tsaye daga bango zuwa bango, ya yi dariya har da hawaye, ya ajiye maka da tabon mai a shafi na uku, ya ce Allah ya ƙara basira. Amma ranar na yi ciniki irin wanda ban taɓa yi ba. Mutum biyu ko uku suka ce wannan Alhajin kamar sun san shi. Na ɗauka yabo ne, har ina cewa ai kowa ya san irinsa.

Bayan kwana tara, da hantsi, wata mata ta yi sallama a ƙofar shagon. Farin kayan aikin jinya ne a jikinta, ta yafa mayafi a kai, shekarunta ba za su wuce ashirin da bakwai ba. Ta ajiye littafin a kan teburina, ta ɗora yatsa a kan bangon.

"Malam, a ina ka samo wannan?"

Na fara yi mata bayanin da na saba, cewa mutanenmu haɗa su muke yi, ba kowa ba ne. Ta bar ni na gama.

"Wannan mahaifina ne," ta ce. "Malam Garba mai gyaran keke, na Darmanawa. Shekara uku da rasuwarsa."

Sunanta Binta. Ba ta zauna ba, kuma ba ta ɗaga murya ba, a tsaye ta ba ni labarin. Mahaifinta bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Da ta gama makarantar jinya aka tura ta aiki wani ƙauye, ta roƙe shi ya ɗauka ko guda ɗaya ta tafi da shi. Sai bayan ta tafi ya aiko mata cewa ya ɗauka, in ta zo hutu za ta gani. Kafin hutun ya kwanta ciwo, kwana shida ya cika. Ba wanda ya san shagon da ya je, ta zagaya na Darmanawa da na Tarauni duk ba a samu ba, ta haƙura. Sai shekaranjiya tana gyara wa wani maras lafiya ƙarin ruwa, ta gan shi yana dariya da littafi a hannu, ta leƙa ta ga ubanta da haƙorin Makka. A unguwarsu kuma an riga an gane shi. Wasu na dariya, wasu na cewa ruwa ba ya tsami banza, ƙila akwai abin da marigayin ya yi da ba a sani ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana liƙe tayar keke a gindin bishiya ɗaya.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona. Na ce ta faɗi duk abin da take so.

"Abu biyu," ta ce. "Ka wanke masa suna, ka ba ni hotona."

Na ɗauko uwar bangon na nuna mata. Ta daɗe tana kallon abin da na mayar da shi, sannan ta tambayi ina sauran jikin. Na ce yana bola tun mako uku.

Na farko ya fi sauƙin faɗa. Ranar Juma'a bayan la'asar na je masallacin unguwarsu, na nemi izinin liman, na tsaya gaban mutanen da ban sani ba na ce ni ne na yi littafin, ban taɓa sanin Malam Garba ba, ban san shi da komai ba sai abin da 'yarsa ta gaya mini, fuskarsa na tsinta a buhu na yi ganganci. Dattawa suka ce Allah ya kiyaye gaba. Wani daga baya ya tambaya ko akwai sauran kwafi, yana so ya gani. Sauran da ke shago na ƙona su a bayan kwata, na bi waɗanda na sani na karɓo nasu, amma littafi ba akuya ba ne da za ka bi sawunsa. Wani ya tafi Zariya, wani yana cikin fayil a ofis, wani 'yan acaɓa sun cinye shi da hannu.

Na biyu kuwa, na garzaya wurin Alhaji Mudi ko fim ɗin hoton yana nan a sake wankowa. Ya ce daminar bara rufinsa ya yi yoyo, finafinan shekarun nan suka manne da juna ya zubar. Har yana tambayata wai me ya sa ban duba ba kafin in yanka. Na ce shi me ya sa bai rubuta sunan mai hoto a baya ba. Muka yi ta yi, kowa na neman wanda zai ɗora wa, alhali almakashin a hannuna yake.

Washegari na nannaɗe uwar a jarida na hau mota zuwa Hotoro. Malam Tanko yana zaune a soro. Na gaya masa komai ban rage ba. Ya karɓi kwalin ya shafa da yatsa, ya kai hanci ya shinshina.

"Gam ɗin takalmi," ya ce.

Na ce, "Shi ne, Malam."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce da ƙaro ne, da tururin buta kaɗai ya isa, kafin shayi ya huce an gama. Wannan kuwa in na ja fuskar za ta yage, in na sa fetur zai cinye ta. Ya tambayi da wace tawada na yi girar da haƙorin. Na ce da tamu ta ƙaro, don ita ba ta ƙare ba. Ya ce to Allah ya taimaki marigayin da ragowar tarbiyyata. Sannan ya ce kada in yi ƙoƙarin cire fuskar daga kwalin, in cire kwalin daga fuskar.

Wannan aikin shi ne mafi wuya da na taɓa yi, kuma ba wanda zai gan shi a littafi. Na yanko wurin da fuskar take, na kifa ta a kan gilashi, na fara fere kwalin ta baya da sabuwar reza. Kwali hawa-hawa ne kamar albasa, sai ka ɗaga hawa ɗaya ka tsaya ka huta, don hannu in ya gaji shi ke zurmawa. Da na kusa sai na ajiye rezar na koma murzawa da ɗan yatsa mai laima, takardar tana fita kamar dauɗar jiki. Gam ɗin kansa bai fita ba, yana nan a bayan har yau, amma ya kwanta lafiya. Kwana uku na yi a kan abin da bai fi babban yatsa girma ba. Rana ta huɗu na juya ta, na naɗa auduga a tsinke, na jiƙa da ruwan ɗumi, na fara goge girar. Tawadar ta bi audugar. Haƙorin ya tafi, muguntar bakin ta tafi, sai ga dattijo da guntun murmushinsa, na wanda ya yi abin da 'yarsa ta roƙa yana jiran ta zo ta gani.

Saura jiki, da hula, da kunnuwa. Binta ta kawo rigar da ya sa ranar da hularsa, tana ajiye da su. Na ce in sa rigar Alhaji Mudi ya ɗauke ni, a yanke kaina a sa na marigayin. Ta ce a'a, kalma ɗaya, ban sake tayar da maganar ba. Sai muka cusa matashi cikin rigar muka jingina a kujera, muka ɗora hular a kan tulu, Mudi ya ɗauka sau uku kafin girman ya yi daidai, kuma na tsaya a kansa sai da ya kawo fitilar ta hagu kamar yadda take a fuskar.

Ran da ta dawo, na juye mata gwangwanin kunnuwa a kan farin kwali. Shekara da shekaru Malam yana tara su, sun fi ƙarfin ƙirga. Ina ɗaukowa da bakin reza ina karawa a gefen fuskar, ita tana girgiza kai. Wannan ya yi faɗi. Wannan ya kwanta da yawa. Wannan na wani ne. Tun azahar muke yi har aka kira la'asar. A raina na ce kunne ai kunne ne, wa yake kallon kunne a hoto, amma ban isa in faɗa ba. Da na dawo daga salla na tarar ta buɗe jakarta ta fito da ɗan hoton fasfo, nata, na lokacin makaranta, ta ɗaura ɗankwali ta bayan kunnuwa. Ta tura mini shi.

"Yanki nawa," ta ce. "Kowa cewa yake kunnensa na ɗauko."

Na kara, girman ya yi daidai, har da ɗan lanƙwasar da ke sama. Na yanko su biyun, na kankare ɗan kunnen da ke jiki da bakin reza, na shafe gurbin da fensir, na feƙe gefen ta baya. Sannan na tsoma gashin kaza cikin ƙaro. Ranar ma ana yayyafi, na ɗora gilashi a kai na danne da tafireta, na ce ta dawo jibi. Ya bushe a kan lokacinsa, ba wanda ya mutu don an jira.

Ba zan ɓoye muku ba, shekarar ta tafi da ni. Ban sake fitar da littafi ba sai bayan wata takwas, masu saye suka watse, wasu suka ce na ji tsoro ne. Kuma sunan bai wanku duka ba. Lungun da bishiyar Malam Garba take, har yau in ka hau adaidaita ka ce lungun Ci-Ka-Tashi za a kai ka, yaran da ke faɗa ba su san daga ina sunan ya fito ba. Ni na sani, kuma ba na bi ta wurin.

Jibin ta zo. Na ce a bari Mudi ya sake ɗaukar hoton gaba ɗaya don layin haɗin ya ɓace. Ta ce ba ta so, wannan takardar ita ce ta asalin hoton da ya tsaya aka ɗauka dominta, ita za ta riƙe. Na sa mata a firam na naɗe da jarida, ta buɗe jaridar ta sake dubawa, ta shafa gilashin da gefen mayafinta. Ta kai ƙofa na ce, "Sista, don Allah ki yafe mini."

Ta tsaya, ba ta juyo gaba ɗaya ba.

"Nawa na yafe, Malam," ta ce. "Nasa kuma sai kun haɗu."

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, gemuna ya fi nasa fari yanzu, kullum haɗuwar tana ƙara matsowa. In samarin nan uku suna son koyo su dawo ranar Asabar, akwai ƙaro da za a tsince. Amma kada wanda ya sake tambayata me ya sa nake ɓata yini guda a kan hanci ɗaya.